Tanadin Diyya a Zamanin Tsadar Kaya: Wace Hanyar Lissafi Za a Riƙa?

Ɗiyar yayata tana aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin takaful, wato inshora ta tsarin Musulunci, kuma duk sa'ad da ta zo gida Tudun Wada sai ta biyo ta wurina da kwamfutarta. A zuwanta na ƙarshen shekara, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba ta buɗe jadawali ta ce, "Kawu, akcuwarinmu, masanin da ke mana lissafin haɗari, ya kawo adadi uku a kan abu ɗaya, manaja kuma ya ce a ɗauki mafi ƙanƙanta. Ni ce zan rubuta bayanin da za a kai gaban daraktoci. Wanne zan kare?"

Abin da take magana a kai shi ne tanadin diyya, wato kuɗin da kamfanin inshora ke warewa a ƙarshen shekara domin asarar da ta riga ta auku amma ba a gama biyanta ba. A inshorar da ba ta rai ba, irin ta mota da gobara da sata da kayan da ke kan hanya, wannan tanadi gida biyu ne. Akwai diyyar da aka kawo rahotonta, fayil ɗinta na kan tebur ana jiran takardu. Akwai kuma wadda ta auku amma labarinta bai iso ofis ba tukuna, wadda ma'aikata ke kira IBNR. Duka biyun da farashin gobe za a biya su, alhali lissafinsu da alƙaluman jiya ake yi. Daga nan matsalar take farawa.

Kafin in taɓa jadawalinta sai da na ba ta labarin motar maƙwabcina. A watan Afrilun 2023 aka yi masa karo a Kwangila, gaban motar ya lotse, fitilu biyu suka fashe, lagireto ya huje. Mai kimanta asara ya zo ya duba, aka rubuta takardar kuɗin gyara a wani gareji a Sabon Gari. Daga nan sai jiran rahoton 'yan sanda, sai gardama kan wanda ke da laifi, sai wata takarda da ta ɓace. Ba a amince da biya ba sai Fabrairun 2024. Ni na raka shi garejin. Bakaniken ya goge hannunsa da tsumma, ya karɓi takardar, ya duba kwanan watan da ke sama, ya miƙo masa abarsa ya ce, "Alhaji, wannan takarda ai ta mutu. Kuɗin da ke nan fitila ɗaya da bamba zai saya, sauran sai dai a sake lissafi." Tsakanin rubuta takardar da biyanta an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, an saki naira a watan Yuni, dalar da take wajen naira 460 a kasuwar gwamnati ta haura 1,400. Kamfanin kuwa duk tsawon watannin nan goma tsohon adadin ne zaune a littafinsa a matsayin tanadi. Ka ninka wannan fayil sau dubu, ka ga girman ramin da ake iya faɗawa.

Hanyoyin da ake bi wajen lissafin ba su da yawa, amma kowace da yadda take ɗaukar hauhawar farashi, kuma abin da ya kamata mai zaɓi ya duba ke nan.

Ta farko ba sai an daɗe a kanta ba. Dokar inshora ta 2003 ta ce a tara dukkan diyyar da ke jiran biya, a ɗora kashi 10 cikin 100 a kai saboda wadda ba a kawo rahotonta ba. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta maye gurbin waccan, kuma tun kafin nan ƙa'idojin lissafi sun wuce wannan mataki, amma har yau akwai tsofaffin akantoci da ke auna kowane adadi da wannan kashi 10 ɗin a zuciyarsu. A shekarar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100, kamar yadda ta kai a Disambar 2024, kashi 10 ko tsadar da ta hau kan tsofaffin fayiloli ba zai rufe ba, balle a yi maganar waɗanda ba su iso ba.

Ta biyu ita ce kimanta fayil ɗaya bayan ɗaya. Tana da amfanin da babu wata dabarar lissafi da za ta ba ka, domin jami'in diyya ya san cewa wannan gobarar shago ce a kasuwa, wancan kuma tirela ce ta faɗi da kaya a Ɗan Magaji. Ga manyan asarori, waɗanda ɗaya daga cikinsu kan fi ɗaruruwan ƙanana nauyi, ba ni da wata hanya da na fi yarda da ita. Lahaninta shi ne jami'in da farashin ranar da ya buɗe fayil yake rubutu, kuma sau da yawa ba ya komawa kai sai ranar biya. Idan za a dogara da ita, dole a sa doka cewa duk fayil ɗin da ya wuce wata uku a buɗe a sake masa kima, a rubuta kwanan watan sabuwar kimar. Kuma ko an yi haka, ba ta cewa komai game da asarar da ba a kawo ba.

Tsanin sarƙa: abin da yake ɓoyewa

Hanyar da kusan kowa ya koya a aji, kuma kusan kowane rahoto ke ɗauke da ita, ita ce tsanin sarƙa, wadda a ofis ake ce wa cen-lada. Ana jera kuɗin da aka biya cikin jadawali mai siffar alwatika: kowane layi shekarar da asara ta auku, kowane gida a layin kuma shekara ta nawa ce bayan aukuwar. Sai a duba yadda tsofaffin shekaru suka ƙaru daga gida zuwa gida, a ninka sababbi da irin wannan ninki.

Na ɗauki takarda na zana mata ƙaramin misali na ƙirƙira, da gangan na sa komai ya tsaya cak in ban da farashi. A ɗauka kowace shekara hatsarin mota iri ɗaya ake yi, adadi ɗaya, kuma da farashin 2022 ana biyan naira miliyan 100 a shekarar farko, miliyan 50 a ta biyu, miliyan 20 a ta uku. A ɗauka kuma kuɗin gyara ya tashi da kashi 20 a 2023, ya ƙara tashi da kashi 35 a 2024. Abin da zai bayyana a littafin kamfani shi ne:

Asarar 2022: an biya 100, sannan 60, sannan 32.4
Asarar 2023: an biya 120, sannan 81
Asarar 2024: an biya 162

Idan aka tara kowane layi, na 2022 ya tashi daga 100 zuwa 160 zuwa 192.4, na 2023 daga 120 zuwa 201. Ninkin farko shi ne 361 (160 da 201) a raba da 220 (100 da 120), wato 1.641. Na biyu 192.4 a raba da 160, wato 1.2025. Da waɗannan, asarar 2023 tana da sauran miliyan 40.7, ta 2024 tana da sauran miliyan 157.7. Jimillar tanadi miliyan 198.4.

Ta ce, "To ai ban ga inda aka sa hauhawar farashi ba, Kawu." Na ce yana ciki, an dama shi da sauran kamar gari a kunu. Ninkin nan 1.641 ba saurin biya kaɗai ya auna ba. Da farashi bai motsa ba da 1.5 zai zama. Abin da ya hau kai tsadar 2023 da ta 2024 ce aka gauraya. Idan ka bi lissafin baya, za ka tarar wannan tanadi na miliyan 198.4 daidai yake da a ce farashi zai riƙa tashi da kusan kashi 28 a kowace shekara mai zuwa. Babu wanda ya zauna ya zaɓi kashi 28. Daraktoci ba su tattauna shi ba, odita bai tambaya ba, ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma kamfanin ya sa hannu a kansa.

Ba na cewa hanyar banza ce. Inda farashi ke tafiya da taki ɗaya shekara da shekaru, zaton cewa gobe za ta yi kama da jiya zato ne mai kyau, kuma sauƙinta abin so ne: ba ta buƙatar komai daga waje, kowa zai iya bin sawunta a kwamfuta. Amma mu duba takin namu. Disambar 2019 kashi 11.98, Disambar 2021 kashi 15.63, Disambar 2022 kashi 21.34, Disambar 2023 kashi 28.92. Wanda ya yi tanadin ƙarshen 2022 da tsanin sarƙa zalla, alwatikarsa cike take da shekarun kashi goma sha wani abu, sai ga 2023 da 2024 sun auka masa. Ya yi ƙasa da abin da ake bukata, kuma ribar da ya sanar a waccan shekara wani ɓangarenta kuɗin masu diyya ne. Yanzu kuma abin ya juya. Alwatikar ƙarshen 2024 da ta 2025 cike suke da shekarun tsananin tsada, alhali hauhawar ta yi ta sauka cikin 2025. Wanda ya bi ta ido rufe yanzu zai iya tara fiye da kima, ya ƙara wa mutane kuɗin inshora ba gaira ba dalili. Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, ita kuwa wannan hanya ba ta jin kiɗan sai bayan shekara biyu ko uku.

Tsanin da aka tsame masa tsada

Gyaran da aka yi wa hanyar mataki uku ne. A warware jimilla a koma ga abin da aka biya a kowace shekara daban. A ɗaga kowane adadi zuwa farashin shekarar da ake ciki ta amfani da ma'aunin farashi. A yi tsanin sarƙa a kan waɗannan tsabtatattun alƙaluma, sannan a ɗora wa abin da ya rage hauhawar da ake tsammani, gwargwadon shekarar da za a biya shi.

A misalinmu, da farashin 2024 kowane layi ya koma 162, 81, 32.4, siffar gaskiya ta fito fili. Abin da ya rage da farashin 2024 shi ne miliyan 113.4 da za a biya a 2025 da miliyan 32.4 da za a biya a 2026, jimilla 145.8. Yanzu sai zaɓi ya zo hannun mutum. Idan tsadar ta ci gaba da kashi 35, tanadi miliyan 212.1 ne. Idan ta sauka zuwa kashi 20, miliyan 182.7. Idan kashi 15, miliyan 173.3. Ta dubi takardar ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe adadi ukun da aka ba mu ba saɓani ba ne, zato uku ne." Haka ne. Kuma manajan da ya ce a ɗauki mafi ƙanƙanta, ko ya sani ko bai sani ba, cewa ya yi farashin kayan gyara zai lafa. Yana iya yin daidai. Abin da nake so kawai shi ne ya faɗi haka da bakinsa a gaban daraktoci, ya kawo hujjarsa, a rubuta a takardar zama.

Wannan ita ce hanyar da na fi so ga mota da gobara, amma duk ƙarfinta yana rataye ne a kan ma'aunin da aka zaɓa, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Abu mafi sauƙi shi ne a ɗauko ma'aunin farashin kayan masarufi na Hukumar Ƙididdiga a yi aiki da shi. Sai dai wannan ma'auni kwandon cefanen gida yake aunawa, kuma a tsohon tsarinsa abinci ya kai wajen rabin kwandon. Kamfanin inshora ba masara yake saya ba, ba shinkafa ba. Gilashin gaba yake saya, da fitila da bamba da fenti, kayan da ake shigowa da su daga waje, waɗanda farashinsu dala yake bi da kuɗin kwastan, shi ma kuɗin kwastan da canjin dala ake lissafa shi. A 2023 da 2024 waɗannan sun yi gaba sun bar kwandon cefane a baya. A diyyar gobara kuwa siminti ne da rodi da kwanon rufi da katako da ladan magina. A diyyar rauni, kuɗin magani da gadon asibiti da albashin da mutum ya rasa, ga shi mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, kuma lauyoyi da alƙalai suna kallon irin wannan idan ana yanke diyya.

Shawarar da na ba ta ba ta da tsada. Su zaɓi kayan gyara goma sha biyar ko ashirin da suka fi fitowa a fayilolinsu, na motocin da suka fi yawa a hannunsu, su riƙa karɓar farashinsu duk wata uku daga shaguna iri ɗaya, a Sabon Gari da Panteka ta Kaduna da Legas, sabo daban, ɗan Kwatano daban. Na baya kuma ba sai an je ko'ina ba, yana cikin rasiɗan da ke tsofaffin fayiloli. Ma'aikaci ɗaya mai haƙuri zai haɗa ma'aunin shekara biyar cikin sati biyu. Ba zai yi kyau kamar na hukuma ba, amma abin da kamfanin ke biya shi yake aunawa.

Wanda kuma ya ga dole sai ya yi aiki da ma'aunin hukuma, akwai tarko biyu. Na farko, a Janairun 2025 an sabunta ma'aunin, an mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, an sake nauyin kayan kwandon, adadin ya faɗo daga 34.80 zuwa 24.48 a wata ɗaya. Ba kaya ne suka yi sauƙi ba, mudun ne aka canza. Dole a ɗinke tsohon jeri da sabo a hankali kafin a yi amfani da su, kada a jera su kamar abu ɗaya. Na biyu, diyya ana biyanta ne daga Janairu har Disamba, don haka matsakaicin farashin shekara ake bukata, ba na Disamba zuwa Disamba ba. Na ga jadawalin da aka yi wannan kuskure a ciki, tanadin ya kauce da rabin shekarar tsada.

Akwai kuma abin da ke rage kaifin tsadar, wanda ya kamata a tuna don kada a wuce gona da iri. Diyya tana da rufi. Wanda ya yi wa shagonsa inshorar miliyan 20 ba zai karɓi fiye da haka ba ko siminti ya ninka uku. A inshorar mota ta ɓangare na uku, wadda ke biyan ɓarnar da mai mota ya yi wa wani, iyakar diyyar dukiya naira miliyan 1 ce har ƙarshen 2022, daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora, NAICOM, ta ɗaga ta zuwa miliyan 3. Fayil ɗin da ya riga ya taɓa rufi tsada ba ta ƙara masa komai. Amma ɗaga rufin kansa ya sa shekarun bayan 2023 ba irin na gabansu ba ne, kuma babu ma'aunin farashin da zai nuna maka wannan.

Hanyar rarrabewa

A 1977 wani akcuwari ɗan Ostireliya, Greg Taylor, ya fito da dabarar da ke ciro tsadar daga cikin alwatikar kanta, ba tare da ma'aunin waje ba. Tunaninsa shi ne duk kuɗin da aka biya a shekara ɗaya, ko na tsohuwar asara ne ko na sabuwa, kasuwa ɗaya suka shiga. Waɗannan kuɗaɗe suna kan layin da ya ratsa alwatikar a karkace. Idan aka raba kowane layi da yawan asarorin shekararsa, sai a iya raba abin da ya rage gida biyu: siffar biya, da matakin farashin kowace shekara. Na gwada mata da misalinmu, matakan suka fito 170, 204 da 275.4. Raba na biyu da na farko ka sami ƙarin kashi 20, raba na uku da na biyu ka sami ƙarin kashi 35. Abin da muka ɓoye tun farko shi ya dawo.

Abin sha'awa ne, kuma ga kamfanin da bayanansa ke da tsabta babu abin da ya fi shi nuna tsadar da shi kansa ya sha. Sai dai tana bukatar ƙidayar asarori mai inganci, abin da ƙananan kamfanoni da yawa ba su da shi, domin wani ya ƙidaya fayil ɗin da aka sake buɗewa sau biyu, wani bai ƙidaya wanda aka rufe ba biya ba. Sannan duk abin da ya taɓa shekara guda, ita tsada za ta kira shi. Kullen korona na 2020 ya tsayar da biya. Yajin aikin ma'aikatan kotu na 2021 ya rufe kotuna wajen wata biyu, shari'un diyya suka tsaya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya dagula ciniki a gareji da kasuwa. Sabon manaja da ya zo ya share tsofaffin fayiloli cikin wata shida zai sa layin shekararsa ya kumbura. Ruwa ba ya tsami banza, amma ita hanyar ba za ta gaya maka abin da ya tsamar da shi ba, sai wanda ya zauna a ofishin a lokacin. Kuma ko ta ba ka tsadar jiya daidai, ta gobe kai za ka zaɓa. Saboda haka ni matsayin mai shaida nake ba ta: a yi ta, a gwada sakamakonta da ma'aunin da aka haɗa daga kasuwa. Idan suka yi kusa, hankali ya kwanta. Idan suka yi nisa, akwai abin da ya kamata a tono.

Sabuwar shekara da kamfani sabo

Shekarar da aka fi jin tsoro ita ce ta ƙarshe, domin adadi ɗaya tak gare ta, kuma shi ake ninkawa da komai. A nan ake kawo hanyar Bornhuetter da Ferguson, Amurkawa biyu da suka wallafa ta a 1972. Ana ɗaukar kuɗin inshorar da aka karɓa, a ninka da kason da ake tsammanin diyya za ta ci, sannan a ɗauki ɓangaren da siffar biya ta ce bai fito ba tukuna. Ga kamfanonin takaful, waɗanda yawancinsu bayan ƙa'idojin NAICOM na 2013 suka fara aiki kuma alwatikarsu gajera ce, wannan hanya kusan dole ce.

Amma tsada tana shiga ta ƙofar kason nan. A misalinmu, a ce an karɓi miliyan 500 a 2024, aka ɗauko kashi 55 daga tarihin shekarun baya. Tanadin shekarar zai fito wajen miliyan 135.6, alhali tsanin sarƙa ya ba da 157.7, kuma idan tsada ta ci gaba da kashi 35 abin da za a biya 168.4 ne. Dalili shi ne kuɗin inshora a farkon shekara ake yanke shi, gasa kuma ba ta barin a ɗaga shi da saurin kasuwa. A wani gefen kuma, kuɗin inshorar ɓangare na uku na ƙananan motoci ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023, don haka tsohon kaso a kan sabon kuɗi zai kumbura tanadin. Kason ba abin gado ba ne, sai an sake gina shi kowace shekara: nawa farashin diyya ya tashi, nawa kuɗin inshora ya tashi, mene ne tazarar.

Ta tambaye ni batun rangwamen lokaci, wato rage tanadi saboda kuɗin da za a biya nan gaba bai kai darajar na yau ba, domin manajan ya ce ribar da tanadin zai samu a ajiya za ta share tsadar, a bar su su kashe juna. Ƙa'idar lissafi ta IFRS 17, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2023, so take a kimanta ainihin kuɗin da za a fitar a ranar da za a fitar da shi, a mayar da shi darajar yau, a ƙara wani abu saboda rashin tabbas, kowanne a bayyane. Ta kuma yarda a bar rangwamen a tsarinta mai sauƙi idan za a biya diyyar cikin shekara guda da aukuwarta. Kashe juna kuwa sai idan ƙarfinsu ɗaya. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Banki kashi 27.5 ne, tsadar kaya 34.80, ta kayan gyaran mota kuma wata magana ce daban. Kamfanin takaful ma ba ya ajiya a inda ake ba da ruwa, sukuk ne, wato takardun zuba jari marasa ruwa, da makamantansa, kuma abin da zai samu shi ne abin da waɗannan suka bayar. A rubuta tsada a shafinta, rangwame a shafinsa, kowa ya ga bambancin.

Abin da muka tsayar a bayaninta kafin la'asar shi ne a raba aikin bisa irin inshora. Mota da ƙananan gobara, tsanin da aka tsame wa tsada, da ma'aunin kamfanin kansa, a nuna adadin tsakiya tare da na sama da na ƙasa. Shekarar ƙarshe a haɗa da hanyar Bornhuetter da Ferguson, da kason da aka sabunta. Manyan asarori a cire su daga alwatika gaba ɗaya, a bi su fayil fayil. Duk diyyar da da dala ake biyanta, irin ta jiragen sama da ta ruwa da ta harkar mai, a yi mata alwatikarta da dala, a canza zuwa naira da farashin ranar rufe littafi, domin idan aka gauraya ta da ta naira faɗuwar 2023 za ta shiga ninkin ta zauna shekara da shekaru. Diyyar rauni da ke kotu, wadda kan ɗauki shekara huɗu ko biyar, a ɗora mata wani abu sama da tsadar kasuwa. Tsanin sarƙa zalla a bar shi a shafi na ƙarshe, tare da layi ɗaya da ke faɗin kashi nawa na tsada yake ɗauke da shi a ɓoye.

Na ƙara mata sakin layi ɗaya da na ce kada ta yarda a goge. A takaful, asusun diyya na mahalarta ne, wato masu zuba kuɗin inshorar, kuma rarar da ta rage bayan tanadi ana raba musu. Idan aka rage tanadi da miliyan 39, tazarar da ke tsakanin 212 da 173 a misalinmu, wannan kuɗi zai fito a matsayin rara, a raba wa mahalartan bana. Baɗi idan fayilolin suka zo biya asusun ya gaza, sai masu hannun jari su ba shi rance marar ruwa, a riƙa cirewa daga rarar shekaru masu zuwa. Ma'ana ɗan kasuwar da ya shiga baɗi shi zai biya gyaran motar da aka buga tun kafin ya san kamfanin. Ta rubuta wannan a saman shafi na biyu, ta ce za ta nemi a tura kwafin bayanin ga kwamitin malaman shari'a na kamfanin kafin zaman daraktoci, tunda su ne ke sa hannu a kan rabon rarar.